Na danna adireshin imel, Outlook ya taso alhali Gmail nake aiki da shi: ina matsalar take?

«Salamu alaikum malam. Ni sakatariya ce a wani ɗan biro nan Zinder, kuma Gmail nake aiki da shi cikin Chrome tun da daɗewa. Amma duk sanda na danna adireshin imel a wani shafi ko cikin PDF sai Outlook ya taso yana cewa in saka kont, ni ko ban taɓa aiki da shi ba. Na biyu kuma, in na yi sikan ɗin takarda na danna dama na zaɓi Envoyer vers sannan Destinataire, sai ta rubuto mini Aucun programme de messagerie n'est associé pour effectuer l'action demandée. Wani yaro ya duba ya ce birus ne sai an yi formataj. Windows 10 ce, okaziyon muka saye ta. Mi ya kamata in yi don Allah?»

Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai, kar ki bari a yi formataj ɗin nan. Ba birus ba ne, kuma ko an goge injin tas an zuba sabuwar Windows, ranar da kika kunna kika danna adireshi abin da kika gani shi za ki sake gani, don sabuwar Windows ma ba ta san kina da Gmail ba sai an gaya mata. Asarar kuɗi ce kawai da asarar yini guda, wataƙila har da dosiyoyin biro in yaron bai kwashe su da kyau ba.

In na fahimce ki, abu biyu kike kuka da su. Adireshi in kin danna yana kai ki wurin da ba ki so, sannan aika fishiye kai tsaye daga dosiye ya ƙi. A ido kamar ciwo ɗaya ne, amma a cikin Windows ƙofa biyu ce daban, kowace da makullinta, kuma nan ne mutane da yawa har da masu gyara suke rikicewa, su gyara ɗaya su ga ɗayar ba ta motsa ba su ce injin ya lalace.

Abin da ake nufi da par défaut

Ki ɗauka kamar maigida ne zai yi tafiya ya bar wa mai gadi saƙo, duk wanda ya zo da zancen haya a tura shi wurin wane, mai zancen ruwa wurin wane. Mai gadi ba ya tunani, abin da aka rubuta masa yake bi, ko da wanen nan ya tashi daga unguwar tun bara. Haka Windows take. Tana da rajista inda aka rubuta PDF wane ne zai buɗe shi, hoto wane, adireshin imel wane. Adireshin da kike dannawa a shafi, a ƙarƙashinsa akwai wata kalma a ɓoye, mailto: sannan adireshin ya biyo, tsohon tsari ne da aka rubuta ƙa'idarsa tun 1998 aka sabunta a 2010. Da kin danna, Chrome ko mai buɗe PDF ɗin zai tambayi Windows wa ke da mailto? Ita kuma ta duba rajistarta ta ga Outlook, sai ta kira shi. Wa ya rubuta Outlook a wurin? Galibi wanda ya zuba miki Office ne, don a nan garin duk injin da ya fito hannun mai gyara da Office cikakke yake fitowa, Word da Excel da Outlook duka, ko mutum bai roƙa ba. Outlook kuma in ya shiga gida yana son kujerar gaba.

Gmail ɗinki fa? Shi ba porogaram ba ne da ke zaune cikin injin, shafi ne da kike ziyarta ta Chrome. Windows ba ta ganinsa a jerin porogaram ɗinta ko kaɗan. Shi ya sa gyaran yake hawa biyu, sai an ce wa Windows ta miƙa wa Chrome, sannan a ce wa Chrome ya miƙa wa Gmail. In aka yi ɗaya aka bar ɗaya, za ki danna adireshi Chrome ya buɗe farin shafi ya tsaya yana kallonki.

Ƙofa ta biyu, wato Envoyer vers ɗin nan da maɓallin aika ta imel da ke cikin lojisiyel ɗin sikana ko Word, ba ta bin mailto sam. Tana bin wani tsari na Microsoft da ake kira MAPI, wanda yake nan tun farkon shekarun 1990, lokacin da ba a san wani imel na cikin shafi ba. Dalilin da ya sa aka raba su mai sauƙi ne, mailto yana iya ɗaukar adireshi da kan magana da ɗan rubutu, amma ba a yi shi don ɗaukar fishiye ba. MAPI shi ke iya cewa ga takarda, liƙa ta a sabon saƙo. Kuma MAPI sai da porogaram na gaske da aka zuba cikin injin, irin tsohon Outlook na Office ko Thunderbird. Chrome bai iya ba, Gmail bai iya ba, hatta Courrier ɗin da ke zuwa da Windows 10 bai taɓa iyawa ba. To kin ga saƙon da ta rubuto miki ba ƙarya ta yi ba, ta leƙa ta ƙofar ba ta ga mai amsawa ba.

Gyaran ƙofar farko

Fara da gwaji, don in kin gama ki san ko ya yi. Danna maɓallin Windows tare da R, wani ɗan akwati zai fito a ƙasa ta hagu, rubuta mailto: har da ɗigo biyun, ki buga Entrée. Duk abin da ya buɗe shi ne mai riƙe da kujerar yanzu. Ni da wannan nake fara duba kowane inji, ya fi neman shafi mai adireshi sauri, kuma ba ya buƙatar koneksiyon.

Sai ki buɗe Chrome ki shiga Gmail ɗinki, ki jira ya gama lodi. Dubi can ƙarshen layin adireshi ta dama, kusa da tauraron nan, za ki ga wata ƴar alama kamar lu'ulu'u biyu sun hau juna, ƙarama ce ƙwarai, mutane na shekara suna kallonta ba su san ta mi ce ba. Danna ta, zai tambaye ki ko kin yarda mail.google.com ya riƙa buɗe duk adireshin imel, ki zaɓi Autoriser ki tabbatar. In ba ki ga alamar ba, kusan kullum dalili ɗaya ne, wani ya taɓa danna ƙi a baya, Chrome kuma ya riƙe. Rubuta chrome://settings/handlers a layin adireshi, ki tabbata an bar shafuka su nemi wannan izini, sannan ki duba ƙasa in mail.google.com na cikin waɗanda aka hana ki cire shi da ɗan kuros ɗin gefensa. Koma Gmail, danna F5, alamar za ta dawo.

Hawa na biyu yana cikin Windows. Windows tare da I zai buɗe Paramètres, ki shiga Applications, sannan Applications par défaut. Abu na farko a sama shi ne na imel, za ki ga tambarin Outlook a wurin, danna shi jeri zai sauko ki zaɓi Google Chrome. In kina son gajeriyar hanya, cikin akwatin Windows da R ɗin nan rubuta ms-settings:defaultapps zai kai ki shafin kai tsaye. In jerin bai nuna Chrome ba, gangara ƙasan shafin akwai layin zaɓen porogaram ta protocole, ki jira don yana ɗan jinkiri a tsofaffin injuna, ki nemi MAILTO cikin jerin da ke bin a b c d, ki canza a nan. Shi ke nan, sake gwajin mailto: ki gani, ya kamata Gmail ya buɗe da sabon saƙo.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai, a ƙasan wannan shafin akwai maɓalli Réinitialiser. Kar hannunki ya kai can. Ba imel kaɗai yake mayarwa ba, komai yake mayarwa yadda Microsoft take so, gobe ki buɗe PDF ki ga Edge ya ɗauka, ki danna adireshin shafi ki ga ba Chrome ba ne, ki dawo kina cewa malam abin ya ƙaru.

Ga masu Windows 11 da za su karanta wannan, tun fitowarta a Oktoba 2021 an cire wannan layin imel mai sauƙi. Yanzu a saman shafin Applications par défaut akwai wurin bincike, a nan za a rubuta MAILTO a zaɓa. Mai Firefox shi nasa yana cikin Paramètres, Général, sashen Applications, a nemi mailto a zaɓi Gmail, babu neman wata alamar lu'ulu'u. Edge kusan irin Chrome ne tunda gindinsu ɗaya. Mai Mac kuma abin dariya ne, sai ya buɗe porogaram ɗin Mail na Apple ɗin da ba ya so, a cikin saitinsa ne ake zaɓen wani. Mai Windows 7 yana Panneau de configuration, Programmes par défaut, amma gaskiya wanda ke kan 7 har yanzu matsalarsa ta wuce ta imel, tun Janairu 2020 aka daina kula da ita kuma Chrome ma ya tsaya mata a lamba 109.

Wani abin da ke faruwa a birori, in kina da kont biyu a Chrome ɗaya, naki da na aiki, adireshin da kika danna zai buɗe ne a kont ɗin da aka fara shiga da shi. Sau da yawa mutum ya aika takardar biro da adireshinsa na gida mai suna irin na ƙuruciya bai lura ba. Ki riƙa kallon hoton da ke sama ta dama kafin ki aika. In ba wanda kike so ba ne, fita daga duka, ki fara shiga da na aiki, sannan naki.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi taurin kai

Nan sai kin yanke shawara, kuma zan faɗa miki tawa ba ɓoyo. In sikan ɗin da kike aikawa bai wuce biyu uku a yini ba, ki manta da Envoyer vers gaba ɗaya. Buɗe sabon saƙo a Gmail, ki ja fishiyen da suri daga dosiye ki sake shi cikin saƙon, ko ki danna alamar ƙugiyar takarda ki zaɓo shi. Daƙiƙa biyar ne, babu abin da za a zuba, babu abin da zai lalace gobe. Ki dai tuna Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a saƙo ɗaya, in ya wuce sai ya ajiye shi a Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, ya aika mahaɗi, kuma wasu wuraren ba sa karɓar dosiye ta mahaɗi. Maganin wannan a sikana yake, takardar rubutu ba ta buƙatar fin 150 ko 200 dpi, wato ma'aunin kaifin sikan, kuma baƙi da fari ya isa in ba hatimi mai launi ake son gani ba. Na sha ganin diplom shafi ɗaya an yi masa 600 dpi mai launi, ana zaune ana jiran ya hau da ɗan rezon da Allah ya hore.

Amma in aikin naki aika takardu ne daga safe har yamma, ko kuna da lojisiyel na lissafi da ke fitar da faktir yana da maɓallin aikawa, to kina buƙatar porogaram na gaske. Zaɓi biyu ne a gabanki. Ko ki bar Outlook ɗin da ke damunki ya zama naki ta hanyar saka masa kont ɗin Gmail, ko ki zuba Thunderbird. Ni Thunderbird nake sa wa mutane, kyauta ne, na gidan Mozilla masu Firefox, yana nan tun 2004, akwai shi da Faransanci, saukar da shi bai kai mega 100 ba, kuma ba ya tashi wata rana ya ce lasisinsa ya ƙare. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, mu da muka san irin Office ɗin da ke yawo a kile USB a garin nan. Akwai kuma tsufa, Outlook 2007 ko 2010 ko 2013 ba su san sabuwar hanyar shiga Gmail ba. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ta daina barin porogaram ya shiga kont da modepas zalla, sai dai ya buɗe tagar Google mutum ya shiga ta nan, ko a ƙirƙiro masa modepas na musamman mai harafi 16, wanda shi ma sai an kunna tabbatarwa mai hawa biyu a kont ɗin. Shi ya sa za ki ga mutum yana rantsuwa modepas ɗinsa daidai ne, a waya yana shiga, amma tsohon Outlook na ta dawo masa da akwatin. Gaskiyarsa ce, daidai ne, hanyar ce aka rufe. Masu Hotmail da Outlook.com su ma an yi musu haka a Satumba 2024.

In kin zaɓi Thunderbird, ki sauke shi daga shafinsu na asali thunderbird.net, ba daga kile ɗin wani ba. Lokacin zubawa akwai ɗan akwatin da ke tambaya ko a mai da shi porogaram ɗin imel na injin, ki bar shi a cike, don shi ne ke rubuta sunansa a ƙofar MAPI. Ki saka suna da adireshi, zai gano saitin Gmail da kansa, IMAP na karɓar saƙo a 993, SMTP na aikawa a 465, ba sai kin rubuta ba, sannan tagar Google ta buɗe ki shiga ki ba shi izini. IMAP za ki bari, kar ki ɗauki POP, don da IMAP abin da ke waya da abin da ke kwamfuta ɗaya ne, in kin karanta nan ya karantu can.

Ga inda nake son ki buɗe ido, don wannan ya taɓa ci mini mutunci gaban mai kaya. Thunderbird da ya shiga, in ba a hana shi ba, sai ya fara kwaso duk saƙonnin da ke kont ɗin tun ranar da aka buɗe shi har da abin da aka liƙa musu. Wani bawan Allah na sa masa da hantsi, da wayarsa yake ba injin koneksiyon, kafin la'asar ya kira ni forfen wata ya ƙare ƙaf, kont ne na shekara tara cike da hotunan kaya. Tun ranar, kafin in bar shi ya yi numfashi sai na shiga Paramètres des comptes, Synchronisation et espace disque, na ce ya riƙe na kwana 30 na ƙarshe kawai. Sauran suna nan a Gmail ba abin da ya same su, in an danna su za su sauko. Kuma yana da wani amfani da shafi ba shi da shi, ranar da rezo ya ɗauke kina iya buɗe saƙonnin da suka riga suka sauko, ki rubuta amsa ki ajiye ta fita in ya dawo.

To in kin zuba shi zai karɓe mailto ɗin ma, wato adireshin da kika danna zai buɗe a Thunderbird. In hakan ya yi miki, ki bar shi, gida ɗaya ya fi sauƙin shara. In kuma Gmail na Chrome kika fi so ga adireshi, koma MAILTO ki mayar wa Chrome, a yawancin injunan da na yi wa haka Envoyer vers ya ci gaba da kiran Thunderbird, tunda kamar yadda na ce rajistarsu ba ɗaya ba ce.

In an yi duk wannan ya ƙi

Injin okaziyon yana zuwa da tarihin mai shi na da. Abin da na fi tararwa, an taɓa zuba Office an cire shi rabi da rabi, an ɗora wani a kai, sai rajistar ta ci gaba da nuna Outlook ɗin da babu shi ko wanda ya karye. Naki ma ina zargin haka, tunda Outlook yana tasowa ta ƙofa ɗaya amma ta ɗayar ana cewa babu kowa. Matakin farko mai sauƙi, Paramètres, Applications, nemi Microsoft Office a jeri, Modifier, ki zaɓi Réparation rapide, wannan ba ya cin intanet. Ɗayan, Réparation en ligne, yana sake sauko da Office ne kusan gaba ɗaya, kar ki taɓa shi da forfen waya. Akwai kuma wani ɗan porogaram da ke cikin Windows tun da can, fixmapi, a rubuta sunansa a akwatin Windows da R a buga Entrée, ba ya nuna komai a ekaran, mutum zai ɗauka bai yi ba, amma yana mai da fishiyen MAPI na Windows mazauninsa in wani ya taka shi. Wani lokaci ya yi magani, wani lokaci a'a, ba ya dai ɓata komai.

Mai gyara kuma in ya zo, ga inda zai duba, ke ba sai kin shiga ba. A regedit, HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Clients\Mail, da irinsa a ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER in akwai, darajar farko ta wurin ita ce sunan porogaram ɗin da MAPI zai kira, ko Microsoft Outlook ko Mozilla Thunderbird, kuma dole sunan ya yi daidai da ɗaya daga cikin ƴan dosiyoyin da ke ƙarƙashin Mail ɗin. In wurin fanko ne ko yana ɗauke da sunan abin da aka cire, ga ciwon nan. A yi Exporter kafin a taɓa. Amma ɓangaren mailto kar ma ya wahalar da kansa ta regedit, tun Windows 8 zaɓin yana tafe da wani lambar sirri da Windows ke lissafawa da kanta, in aka canza sunan da hannu lambar ba ta dace ba sai ta yi watsi da shi, wani lokaci har ta fito da sanarwa cewa an mai da wani porogaram par défaut yadda yake. Wannan sanarwar ce ma ke sa mutane cewa birus. Lojisiyel ɗin share-share da ake zuba wa injuna don wai su yi sauri su ma suna jawo ta. Ta Paramètres kawai ake canza mailto ya zauna.

Sai agogo. Dubi ƙasan ekaran ta dama ki ga kwanan wata daidai ne? Tsofaffin injuna, musamman manyan na tebur da ke shan ɗaukewar kuran, akwai ƴar batir a cikinsu mai faɗin kwabo, CR2032, in ta mutu duk sanda aka kashe injin sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Da agogo ya kauce, Gmail da duk wani shafi mai tsaro zai ƙi buɗewa, Thunderbird ya ce takardar shaidar sabar ba ta da inganci. An taɓa kawo mini wani inji a kan kabu-kabu daga Birni, an naɗe shi da zane, mai shi ya riga ya haƙura za a yi formataj. Na buɗe murfin, ƙurar hunturu ta yi masa kafet a ciki har fankar ba ta juyawa sosai, na hure, na ɓalle batirin da farce na sa sabuwa, na gyara kwanan wata. Ko shayin da aka ɗora bai kai ga tafasa ba imel ya shigo. Batirin nan masu gyaran agogo a kasuwar Dole ma suna da ita.

Wani abu da ya shafi okaziyon da nake son kowa ya ji. Ke Outlook ɗinki yana neman kont, wannan alheri ne, yana nufin babu kowa a ciki. Wanda ya fi haɗari shi ne injin da Outlook ko Courrier ke buɗewa salin alin da kont ɗin mai shi na da. Wani ɗalibi ya zo mini da ƙaramar kwamfutarsa, ya ga sanarwar ɗaukar aiki, ya danna adireshin, taga ta buɗe, ya rubuta wasiƙarsa ya liƙa takardu ya danna aika, taga ta rufe, ya yi hamdala. Kwana goma sha biyu yana jiran kira. Da muka buɗe sai ga saƙon kwance a Boîte d'envoi, bai taɓa fita ba, kont ɗin na wani Bature ne da aka daɗe da canza wa modepas, ranar rufe karɓar dosiye kuma ta wuce. Don haka duk saƙon da ke da muhimmanci, bayan an aika a leƙa Messages envoyés a Gmail ɗin kansa, ko a waya, a gan shi da ido. Courrier ɗin ma Microsoft ta yi masa ritaya tun 31 ga Disamba 2024, ta maye shi da wani sabon Outlook, wanda sunan ne ɗaya da na Office amma ba abu ɗaya ba ne, shi ya sa a wasu injuna za ki ga Outlook biyu a jerin zaɓi. In maɓallin aikawa na sikana ko na lissafi kike so ya yi aiki, tsohon na Office shi ne abin dogaro.

Wannan saiti na kowane mai shiga ne daban. In ku biyu kuke aiki da injin kowa da sesiyon ɗinsa, sai an yi wa kowa nasa. In kuma sesiyon ɗaya kuke rabawa da wasu, ko injin sibar ne da kowa ke zama, ni ba na ba da shawarar a zuba Thunderbird da kont ɗin mutum a ciki, don duk wanda ya zauna ya buɗe zai karanta komai ba tare da an tambaye shi modepas ba.

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan Malama, tunda injin ba a gabana yake ba. In biron naku reshe ne na wata babbar ƙungiya da ke da mai kula da injuna, akwai yiwuwar an ɗaure saitin daga sama, alamarsa ki canza yau ya yi aiki, gobe da kin kunna ya koma Outlook, ko wurin zaɓin ya ƙi dannuwa. Wannan ba ke za ki kwance ba, ba ni ba, shi za a kira. Kuma tunda Windows 10 ce, ki sanar da mai biron cewa tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da ita, injin zai ci gaba da aiki amma zancen canji ya kamata ya shiga lissafi. Yanzu dai ki fara da alamar lu'ulu'un nan da MAILTO, minti biyar ne. In kin yi gwajin Windows da R ɗin kika ga wani abu daban da Gmail, ɗauki hoton ekaran da waya ki turo, ki haɗa da shekarar Office ɗin da ke ciki, galibi tana fitowa a Word in kin shiga Fichier sannan Compte.